Kurakuran da Ɗalibai ke Maimaitawa a Laburare Idan Jarrabawa ta Ƙarato

Duk ƙarshen zangon karatu abu ɗaya nake gani a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Laburaren Kashim Ibrahim da ke Samaru ya cika maƙil, haka ma na Shugaba Kennedy da ke Kongo, sai ka ga ɗalibin da bai taɓa taka ƙofar wurin ba ya zo yana neman manazartar kundin digirinsa cikin kwana uku. Jami'ar Ahmadu Bello tana tara littattafai tun kafuwarta a 1962, ba kuwa a kwana uku za a san hanyarsu ba.

Kuskuren da ya fi ci mini rai shi ne kwafe maganar masani ba tare da rubuta inda aka samo ta ba, domin ni kaina ya taɓa kayar da ni. A shekarata ta ƙarshe na cika littafin rubutu da bayanai masu kyau, amma babu sunan marubuci, babu shekara, babu shafi. Malamin da ke duba aikina ya ja jan biro a ƙarƙashin wani sakin layi, ya ce, "Malam, daga ina ka samo wannan?" Na rasa amsa. Mako biyu na yi ina bin kantocin littattafan laburare, ga jarrabawa a kaina, kuma littafi ɗaya wani ya riga ya are shi, dole na cire sashen da na fi wahala a kansa. Tun daga ranar ba na karanta layi ɗaya sai na rubuta sunan marubuci, shekara, sunan littafi da maɗaba'a, na kuma ɗauki hoton bangon da wayata, sannan duk abin da na kwafa sai na sa lambar shafinsa a gefe. Mai kwamfuta ya sauke Zotero, manhajar adana manazarta da tsara ta, kyauta ce. Ku sani kuma, manhaja irin Turnitin, wadda ake duba rubutun ɗalibai da ita don gano kwafe, ba ta san mantuwa ba, kamanni kawai take nunawa, daga nan zargin satar fasaha ya hau kan mutum.

Na biyu, raina bitar da laburare ke shiryawa. Haba jama'a! Sa'a ɗaya ce ko biyu, a cikinta za a nuna muku yadda ake binciken mujallu a rumbunan intanet na JSTOR da AJOL, da yadda ake sa jimla cikin alamar zance a Google Scholar, shafin neman rubuce-rubucen masana, don a tace sakamako, da tsarin rubuta manazarta na APA. Ba ku zuwa, sai ana saura mako guda ku tsaya kan ma'aikaci kuna cewa, "Babu komai a kan batuna." Akwai, ba ku iya nema ba ne, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Ni nakan je wurin ma'aikacin sashen bincike da batuna a rubuce, tare da muhimman kalmomi biyar.

Sauran ƙanana ne. Kada ka ajiye aikinka a filasha ɗaya, ka riƙa tura wa kanka ta imel kowane dare. Manazartar da manhajar ƙirƙirarriyar basira ta ba ka, nemo ta ka gani da idonka, domin takan ƙago littafin da babu shi. Ɓoye littafi a kantar da ba tasa ba kuwa zalunci ne, domin ɗan'uwanka zai gan shi a katalog, ya duba wurinsa, ya tafi hannu rabbana.