Yadda Ake Shuka Fure Marar Yaushi a Gida a Damagaram

Akwai wani fure ɗan asalin ƙasar Ostireliya, dangin furen rana, wanda Faransawa ke kira immortelle, wato marar mutuwa, kuma wannan sunan ne aka fi gani a jikin takardun iri da ake rubutawa da Faransanci. Masanin tsirrai ɗan Faransa, Ventenat, shi ne ya fara bayyana shi a rubuce a shekarar 1803. Abin da ido ke ɗauka a matsayin furen kansa ƙananan ganyaye ne masu kauri da ke kewaye da tsakiyarsa, waɗanda suke a bushe tun suna kan kara, shi ya sa idan aka taɓa su sai a ji suna ƙaras-ƙaras kamar takarda, kuma launinsu, ja ko rawaya ko fari, ba ya saurin dusashewa bayan an yanke.

A Damagaram lokacin shuka shi ne kan gaba. Irin ya fi tsirowa idan zafi yana wajen digiri 21 zuwa 24, don haka watan Nuwamba, lokacin da iskar hunturu ta fara kaɗawa, ya fi dacewa. Furen yakan fito bayan kamar wata uku, wato a Fabrairu, kafin zafin bazara ya kai digiri 40. Wanda ya jinkirta har Janairu, a ganina, ya yi asarar iri da ruwa.

Irin ƙanana ne ƙwarai kuma suna buƙatar haske kafin su tsiro, saboda haka ba a binne su. A cika faffaɗar tukunya mai huji a gindi da rairayi gauraye da ruɓaɓɓen taki, a barbaɗa irin a sama, a ɗan danna da tafin hannu, sannan a riƙa yayyafa ruwa a hankali safe da yamma domin iskar hunturu tana saurin busar da ƙasa. Cikin mako ɗaya zuwa biyu za su tsiro. Idan sun yi ganye huɗu sai a dasa su inda rana ke bugawa sosai, da tazarar santimita 30, a kuma kewaye wurin saboda awaki da kaji.

Ƙasar jigawa ta yi masa daidai, domin ba ya son ruwa ya kwanta a gindinsa, kuma wannan sauƙi ne a garin da kowa ya san tsadar ruwa. Da zarar ya kafu, ruwan alwala da aka tara a bokiti zai taimaka, muddin babu sabulu a ciki. Yawan taki yana kawo ganye da raunin kara. Idan tsiron ya kai kamar taƙi ɗaya, a tsinke kansa domin ya yi rassa da yawa.

Wurin yanka ne mutane suka fi kuskure. Furen yana ci gaba da buɗewa bayan an yanke shi, saboda haka a yanke shi lokacin da layi biyu ko uku na waje suka buɗe amma tsakiyar tana rufe. Wanda aka bari ya buɗe sarai a kan kara yakan banƙare baya, tsakiyarsa ta yi duhu. Idan ɗanye ake so a ajiye a falo, sai a jira kara ya yi ƙwari, a zage ganyen ƙasa, a sa a ruwa.

Domin busarwa kuwa, a zage ganyen duka, a ɗaure kamar kara goma da roba, wadda ke matsewa yayin da karan ke tsukewa, a rataye su kai ƙasa a ɗaki mai duhu da iska. Mako biyu zuwa uku sun isa, ko ƙasa da haka a bushewar hunturu, sai dai a rufa masu siririn mayafi saboda ƙura. Da yake wuyan karan yakan karye idan ya bushe, masu haɗa damin ado na biki sukan yanke kan furen kaɗai, su soka masa siririyar waya tun yana ɗanye, ta yadda zai kama ta da kansa idan ya bushe.