Yadda Ake Cin Moriyar Kocin Rayuwa Don Mutum Ya San Kansa

Hausawa na cewa laifi tudu ne, taka naka ka hango na wani, kuma a kan wannan tudun sana'ar kocin rayuwa ta kafu. Koci mutum ne da ake biya ya riƙa zama da kai lokaci bayan lokaci, galibi na kimanin awa guda, yana jefo maka tambayoyi har ka ga abin da ƙafarka take takawa. Wanda ya je wurinsa yana jiran nasiha irin ta dattijo zai tashi yana ganin an ci kuɗinsa a banza, saboda haka abu na farko shi ne ka fahimci irin aikin kafin ka sa kanka a ciki.

Wani babban reshe na wannan sana'a ya tsiro ne daga filin wasan tanis. Timothy Gallwey, wani mai koyar da wasan a Amurka, ya lura cewa idan ya yawaita gyara wa ɗalibi riƙon hannu da tsayuwa, sai ɗalibin ya ƙara rikicewa, domin hankalinsa ya koma kan tsoron kuskure. Sai ya daina gyara, ya nemi ɗalibin ya furta wata kalma a daidai lokacin da ƙwallo ta taɓa ƙasa, ya furta wata kuma a lokacin da ya buge ta, kuma da ido ya tsaya a kan ƙwallon sai bugu ya daidaita da kansa. Ya bayyana wannan a littafinsa na 1974. Daga baya John Whitmore, ɗan Ingila da ya taɓa yin tseren mota, ya kai dabarar cikin ofisoshi, kuma a littafinsa na 1992 ya ɗora aikin koci a kan ginshiƙai biyu: mutum ya farga da halin da yake ciki, sannan ya ɗauki alhakinsa.

Kafin zaman farko, ka zaɓi matsala guda wadda za a iya nunawa da yatsa. "Ina so rayuwata ta gyaru" ba ta kai ka ko'ina, amma "jarin shagona yana raguwa duk da ana ciniki" magana ce da za a iya bibiya. Ka ɗauki mako guda kana rubuta abin da ya faru kawai, ba tare da yanke wa kanka hukunci ba: wa ya zo, nawa ya karɓa, me ka ce masa, me ka ji a ranka sa'ilin da kake miƙa kayan.

Don gudanar da zaman, Whitmore ya yaɗa tsari mai matakai huɗu da ake kira GROW, daga haruffan farko na sunayen matakan da Turanci, wato buri, sai gaskiyar halin da ake ciki, sai hanyoyin da suke buɗe, sai ƙudurin abin da za a aikata. A ganina, mataki na biyu ne ke ɗauke da kusan dukan nauyin, kuma shi ne wanda mutane suka fi son tsallakewa. A nan koci nagari yake guje wa tambayar "don me ka yi haka", domin tana sa mutum ya hau kare kansa, ya gwammace ya ce "sau nawa", "yaushe", "da wa". Mai shagon nan da jarinsa ke raguwa zai iya fara cewa kasuwa ce ta lalace, amma idan aka bi takardarsa layi bayan layi, sai ya ji bakinsa yana faɗin cewa yawancin bashin yana hannun 'yan'uwa da surukai, kuma bai taɓa iya ce musu a'a ba don gudun a kira shi marowaci. Da wani ne ya faɗa masa haka, da ya yi musu. Idan irin wannan lokaci ya zo kuma koci ya yi shiru, kada ka yi gaggawar cike shirun da hira. Ka bar maganar ta zauna maka tukuna.

Akwai kuma abin da kai kaɗai ba za ka taɓa gani ba. A 1955 masana halayyar ɗan'adam biyu, Joseph Luft da Harrington Ingham, sun zana wata taga mai gida huɗu, kuma ɗaya daga cikin gidajen shi ne na abin da mutane suka sani game da kai alhali kai ba ka sani ba. Don rage faɗin wannan gida, ka nemi mutum biyu ko uku da ba sa jin nauyinka su faɗa maka hali guda da suke ganin yana cutar da kai, ka yi godiya, ka rubuta, kada ka ba da amsa. Wannan yana da wuya a wurinmu, inda kunya da kara suke sa aboki ya ce "ai ba komai", shi ya sa zaɓen mutanen ya fi tambayar kanta muhimmanci.

Kada ka tashi daga zama ba tare da aiki guda mai rana da lokaci ba, sannan kowane dare ka ɗan yi wa kanka hisabi a kai, abin da malamai suka daɗe suna kira muhasaba.

Game da zaɓen koci, a yawancin ƙasashe babu dokar da ta hana kowa laƙaba wa kansa sunan, don haka ka tambayi horon da ya samu. Ƙungiyar masu aikin koci ta duniya, ICF, wadda Thomas Leonard ya kafa a 1995, tana ba da shaida hawa uku: na farko yana buƙatar awa 60 na karatu da awa 100 na aiki, na biyu awa 125 da 500, na uku awa 200 da 2,500. Ka kuma nemi yarjejeniya a rubuce kan kuɗi da yawan zama da riƙon sirri. Idan abin da ke damunka ya kai ga rashin barci na makonni, ko baƙin ciki mai hana aiki, ko tunanin cutar da kai, to wannan ya wuce hurumin koci, sai ka nufi asibiti wurin likitan ƙwaƙwalwa.