Matakan karɓar lasisin shago daga tsohon mai shi a Ingila

'Yan uwa da dama sun yi ta tambayata yadda ake mayar da lasisin wurin sana'a (premises licence) sunan sabon mai shago. Lasisin nan iri ɗaya ne ga mashaya da gidan abincin da ke sayar da abinci mai zafi daga ƙarfe 11 na dare zuwa 5 na asuba.

1. Karɓi ainihin takardar lasisin daga hannun tsohon mai shagon.

2. Sa shi ya sa hannu a fom ɗin amincewa. Ka yi wannan kafin ka biya shi cikon kuɗinsa, don in ya tafi nemansa wahala ne.

3. Cika fom ɗin canjin suna a shafin intanet na ƙaramar hukumarku.

4. Haɗa shaidar cewa kana da izinin yin aiki a Birtaniya.

5. Biya fam 23.

6. In ta takarda ka nema maimakon intanet, aika kwafi ga 'yan sanda da Ma'aikatar Cikin Gida.

7. Duba takardun izinin aikin kowane ma'aikaci da ka gada, har mai wanke-wanke, ka ajiye kwafi mai kwanan wata.

Hattara, nan ake faɗuwa! "Na same su a nan" ba hujja ba ce. Tarar ɗaukar marar izinin aiki tana kai fam 45,000 kan mutum ɗaya a karon farko.

8. Jira kwana 14. Cikinsu ne 'yan sanda da Ma'aikatar Cikin Gida ke iya ƙalubalantar buƙatarka.

9. In sun ƙalubalanta, halarci zaman kwamitin lasisi da takardunka a hannu.

10. In an hana ka, ɗaukaka ƙara a kotun majistare cikin kwana 21.