Yadda Ake Sayen Tufafi, Kayan Zaƙi da Tsaraba a Manyan Cibiyoyin Kasuwanci na Japan

Cibiyar kasuwanci ta Tokyo Solamachi, wadda aka buɗe a shekarar 2012 a gindin hasumiyar Tokyo Skytree mai tsayin mita 634, tana ɗauke da shaguna da gidajen abinci sama da 300. Akwai irinta da dama a ƙasar, kamar DiverCity da ke unguwar Odaiba a Tokyo da kuma Canal City Hakata a birnin Fukuoka. Baƙon da ya faɗa irin wannan wuri ba tare da shiri ba yakan ƙare da gajiya da niƙi-niƙin ledoji, alhali bai sayi rabin abin da ya kai shi ba. Dabarar ita ce a jera sayayyar gwargwadon daɗewar kowane kaya: a fara da tufafi, a bi da tsarabar da ba ta lalacewa, a bar kayan zaƙi sai ana dab da fita.

Da shigarka, ka nufi teburin ba da bayani ka karɓi taswirar ginin, domin galibi akwai ta da Turanci. Ka lura cewa a Japan hawa na ɗaya, wato 1F, shi ne wanda ke daidai da titi, B1 kuma na ƙarƙashin ƙasa ne. Idan kana tare da jakar tafiya, ka saka ta cikin akwatunan ajiya na haya da ake biya da tsabar kuɗi ko da katin jirgin ƙasa irin su Suica da Pasmo. Yawancin shaguna ba sa buɗewa kafin ƙarfe 10 na safe, don haka sammako ba shi da wani amfani.

A ɓangaren tufafi, awo ne ya fi ba baƙi wahala. Ɗinkin Japan ya fi na Turai da Amurka matsewa, hannun riga da ƙafar wando kuma sukan gaza wa dogon mutum, saboda haka wanda ya saba da M ya fara gwada L. Rigar da aka rubuta wa F awo ɗaya ce tak, kuma an yanka ta ne da jikin matsakaicin Bajapane. Takalmi da santimita ake auna shi, ya kamata mutum ya san tsawon tafin ƙafarsa tun daga masauki. Gwaji wajibi ne, domin shaguna da yawa ba sa karɓar kayan da aka saya, musamman na rangwame. Kafin ka shiga ɗakin gwaji, ka nuna wa ma'aikaci kayan, sannan ka tuɓe takalmi a bakin ƙofa, kada ka taka shimfiɗar ciki da shi. Mata kuma akan ba su wani siririn mayafi na takarda da ake rufe fuska da shi yayin zura riga, don kada kwalliya ta shafi wuyanta. Shagunan tufafi na kamfanin Uniqlo suna rage tsawon wando, kuma wannan na daga cikin dalilan fara sayayya da tufafi: ka bar wandon a hannunsu, ka zaga, ka dawo ka karɓa. Babban rangwame yana zuwa ne a Janairu da Yuli, kuma a farkon shekara ana sayar da jakunkunan sa'a da ake kira fukubukuro, waɗanda ake saye a rufe ba tare da an ga abin da ke ciki ba. Ga matafiyi mai ƙayyadadden nauyin kaya, ban ga hikimar sayensu ba.

Tsarabar da ta fi dacewa ita ce mara nauyi wadda ba ta fashewa. Akwai tenugui, wani ƙyallen auduga mai zane, dogo kamar ƙaramin tawul. Akwai furoshiki da ake ƙunshe kaya da shi. Akwai mafici mai naɗewa da tsinken cin abinci. Kofunan gilashi masu sassaƙa na Edo kiriko suna da kyau ƙwarai, sai dai suna da tsada kuma suna buƙatar a naɗe su da kyau. A Solamachi an tattara yawancin irin waɗannan shaguna a hawa na huɗu. Ka juya kayan ka duba inda aka ƙera shi, domin ba duk abin da ke da zanen Dutsen Fuji ba ne aka yi a Japan. Wuƙar girki sai a jakar da ake aunawa, ba a shiga jirgi da ita a hannu, kayan lantarki kuma a tabbatar ba na wuta mai ƙarfin bolt 100 kaɗai ba ne.

Kayan zaƙi su ne suka fi buƙatar natsuwa. Japanawa sun ɗauki tsarabar abinci da muhimmanci, shi ya sa za ka ga kwalaye masu guda takwas ko goma sha biyu, kowane guda da ledarsa, an shirya su musamman don rabo. Kusan kowane yanki yana da nasa: Tokyo Banana a Tokyo, yatsuhashi a Kyoto, Shiroi Koibito a Hokkaido. A gaban kowane kanti akan ajiye buɗaɗɗen kwali na samfuri, wanda sau da yawa na roba ne, domin mai saye ya ga yawan abin da zai samu. Abu na farko da za a duba shi ne kwanan wata a bayan kwalin, wanda ake rubutawa da shekara a farko, sai wata, sai rana. Alamar 賞味期限 tana nuna lokacin da ɗanɗano zai fara raguwa, 消費期限 kuwa iyakar ranar da ya kamata a ci ne. Ɗanyen zaƙi irin daifuku, wato curin sakakkiyar shinkafa mai ɗauke da jan wake a ciki, kwana ɗaya ko biyu yake yi kafin ya taurare, don haka tun a Japan ake cinsa. Abin da zai jure doguwar tafiya shi ne biskit, gasasshen senbei na shinkafa, da cakulan idan ba lokacin zafi ba ne. Idan ka sayi abu mai buƙatar sanyi, mai shago zai tambaye ka tsawon lokacin da za ka ɗauka kafin ka isa masauki, ya saka maka 'yar jakar ƙanƙara daidai da haka.

Wanda ke kiyaye halal sai ya ƙara da karanta jerin abubuwan haɗi, domin kyan kwali ba ya nuna abin da ke ciki. A nemi waɗannan alamomi: 豚 alade, ゼラチン jelatin da akan samo daga alade, 洋酒 da 酒精 kuma barasa ce da ake sakawa a kek da wasu cakulan. Manhajar fassara ta waya tana karanta su idan aka haska kyamara a kai.

Ba a ciniki a waɗannan shaguna, farashin da aka manna shi ne, kuma ba a ba ma'aikaci tukuici. Kuɗi ko kati a kan ɗan faranti da ke gaban mai karɓa ake ɗorawa. Harajin saye kashi 10 cikin ɗari ne, na abincin da ake tafiya da shi kuma kashi 8, kuma ana yafe wa baƙo mai gajeriyar ziyara idan sayayyarsa a shago ɗaya a rana ɗaya ta kai yen 5,000 kafin haraji. Dole ne fasfo na ainihi ya kasance a hannu, kwafi ba ya aiki. A tsarin da aka daɗe ana bi, ana cire harajin a kanti ko a mayar da shi a wani tebur na musamman cikin cibiyar, a liƙe kayan ci a leda da ba a buɗewa sai an bar ƙasar. Gwamnati ta tsayar da 1 ga Nuwamba 2026 a matsayin ranar komawa sabon tsari, inda mai saye zai biya cikakken kuɗi, a mayar masa da harajin bayan jami'an kwastan sun tabbatar yana fita da kayan. Don haka a adana rasit, a kuma haɗa kayan da aka yafe wa haraji wuri ɗaya inda za a iya nuna su a filin jirgi kafin a miƙa jaka ga masu awo.