Yadda Ɗan Wasan Hokin Ƙanƙara Zai Ƙwato Gurbinsa Bayan Jin Rauni

Takardar da likita zai ba ka bayan ka warke, iyakarta ta ce ƙashi ya haɗu, jijiya ta ɗinke, ana iya barinka ka hau ƙanƙara. Maganar gurbinka kuwa a hannun koci take, shi kuma tun daren da aka riƙo ka aka fitar da kai daga fili ya cike wurin da wani, ba mamaki ma wanin nan yana yin abin arziki. Na daɗe ina kallon samari a ƙananan ƙungiyoyin hoki a nan Kanada, har da 'ya'yan mutanenmu, suna dawowa da takarda a hannu suna jiran a ce musu sannu da zuwa, ga wurinka. Da yawansu a benci suke ƙarasa kakar wasa, wasu kuma su fama ciwon kafin wata ya zagayo.

Ka fara da sanin lissafin. A gasar NHL, babbar gasar ƙwararru ta Amurka da Kanada, ƙungiya tana riƙe 'yan wasa 23, amma 20 ne ke sa riga a kowane wasa: gola biyu da mutum 18, galibi 'yan gaba 12 a layi huɗu da 'yan baya shida. Ukun da suka rage lafiyarsu ƙalau, suna can sama sanye da kwat suna kallo. Ƙananan ƙungiyoyi ma kusan haka tsarin yake. Kenan ba da mutum ɗaya za ka yi takara ba. Akwai wanda ya gaje ka, akwai kuma waɗanda tun kafin ka ji ciwo suke jiran ƙofa ta buɗe.

Makon farko

Ka gaya wa mai kula da lafiyar ƙungiya duk abin da kake ji, har wanda kake ganin bai kai a faɗa ba. Ka sa mahaifinka ko mahaifiyarka su karɓi takardar rahoton rauni daga manajan ƙungiya a cike ta nan da nan. Rajistar Hockey Canada, hukumar hoki ta ƙasa, tana zuwa da inshora, amma neman kuɗin yana da wa'adi, kuma gashin ƙashi a wurin likita mai zaman kansa ba arha ba ne. Na ga gidajen da suka biya komai daga aljihu don kawai an bar takardar a cikin mota har lokaci ya wuce.

Sannan kada ka ɓace. In dai ba bugun kai ba ne, inda fitilu da hayaniyar fili kan tayar da ciwo, ka riƙa zuwa kowane atisaye ko da a kan sanda kake dogarawa. Ka zauna a zaman kallon bidiyo, ka ji sabon tsarin da koci ya kawo. Ƙungiya takan sauya yadda take fita daga gidanta ko yadda take tsaro cikin mako shida, wanda ya zauna a ɗaki yana latsa waya sai ya dawo baƙo.

Aikin waje da ƙanƙara ba zan tsaya a kansa ba, likitan gashin ƙashi zai tsara maka. Abu biyu kawai. Keken motsa jiki yana riƙe maka numfashi amma ba ya taɓa naman matsematsi, alhali shi ne ke ɗaukar nauyin duk turawar da ƙafa ke yi gefe a kan ƙanƙara. Shi ya sa yaro zai warke daga ciwon kafaɗa, ya dawo, mako guda matsematsi ya tsage. Ka kwanta ta gefe, ka ɗora ƙafar sama a kan benci, ka ɗaga ƙugu ka riƙe, kullum, kowane ɓangare. Na biyu, idan ƙafa ce ta ji ciwo, likitocin gashi da yawa ba sa sallama sai ƙarfinta ya kai kashi 90 cikin ɗari na mai lafiyar. Ka nemi a auna, kada ka yarda da "ina jin ta yi ƙarfi".

Hawa ƙanƙara kai kaɗai

A wasa wuƙaƙen takalmi tukuna, ka kuma gwada takalmin a gida, don idon sawun da ya kumbura ko ya sha filasta ba ya komawa yadda yake nan take. Hayar fili na awa guda kuɗi ne mai yawa, ba kuwa dole ba ne. Filayen hukumar gari suna da lokutan da kowa ke shiga da sanda da ƙwallo a kan kuɗi kaɗan, ka zaɓi na sassafe ko na tsakar rana ranar aiki, lokacin da babu cunkoso. Filayen unguwa na waje da ake daskarar da su da hunturu kyauta ne, amma ni ban yarda mai ciwon gwiwa ko idon sawu ya taka su ba. Ƙanƙararsu duk tsagu ce da gargada.

Abin da za ka yi a nan shi ne birki da juyi, ba gudu a miƙe ba. Kowa na iya gudu a miƙe. Ka taka birki ta dama sau goma, ta hagu sau goma, wani ya ɗauke ka a waya. Za ka ga abin da kai ba ka ji: kana karkata jiki don ƙafa mai lafiya ta ɗauki nauyi. Koci yana ganin wannan daga benci cikin minti biyu, 'yan ƙungiyar hamayya ma haka, kuma ta wannan ɓangaren za su riƙa bi.

Rigar da ba a taɓa mai ita

Ga inda ake faɗuwa. Ranar da ka koma atisaye da jama'a, za a ba ka riga mai launi daban, alamar kada kowa ya bangaje ka. A cikinta kowa gwani ne. Ba mai matse ka a jikin katanga, ba mai sa maka sanda, ka ɗauki ƙwallo ka wuce mutum uku ka zura a raga, abokai su buga sanduna a ƙasa suna yi maka kirari. Bayan kwana biyu sai ka ji ai ka dawo, ka fara damun koci da mai kula da lafiya a cire maka rigar a sa ka wasan ƙarshen mako. Wannan jin daɗin yaudara ne. Ba a gwada ka da komai ba tukuna.

Hoki a lungunan fili ake cinsa ko a rasa shi. An harba ƙwallo kwana, kai da wani ƙato kun bi ta, fuskarka na kallon katanga, ka san sarai zai banke ka ta baya ko ta gefe. Wanda bai taɓa karyewa ba yana shiga kansa tsaye. Wanda kafaɗarsa ta taɓa gocewa yakan sassauta ƙafa kaɗan, ya bar abokin hamayya ya riga shi, sannan ya miƙa sanda daga nesa. Shi bai ma san ya yi ba. A bidiyo kuwa ba abin da ya fi wannan fitowa fili, kuma shi ne dalilin da ya sa ake mayar da yaro benci alhali yana rantsuwa ba ya jin ciwo ko kaɗan. Ya yi gaskiya, ba ya jin ciwo. Tsoro ne ya saura, likita kuwa ba ya auna tsoro.

Maganinsa a sha bugun a atisaye, da gangan, daki-daki. Bayan likita ya yarda a taɓa ka, ka samu aboki ɗaya da ka amince da shi, ɗan baya mai jiki, ku tsaya bayan an tashi. Rana ta farko ya jingina da kai a katanga kawai, yana turawa kana riƙe ƙwallo da ƙafa. Washegari ya zo da ɗan gudu daga taku biyu. Sannan daga taku biyar, kana sane da zuwansa. Daga ƙarshe ku yi tseren shiga kwana na gaske, ba ka san ta inda zai ɓullo ba. Kowace safiya ka duba: akwai kumburi? Hannu na ɗagawa kamar jiya? In an samu matsala, a koma matakin baya. Ƙa'idata ita ce atisaye uku cikakku da bugu kafin wasa, kuma ba na rage ko ɗaya don wasan da ke tafe babba ne. Manya ma haka suke yi. Gabriel Landeskog, kyaftin ɗin Colorado Avalanche, ya ɗaga Kofin Stanley, kofin zakarun NHL, a Yunin 2022, daga nan gwiwa ta zaunar da shi kusan shekara uku. Da zai dawo a Afrilun 2025, sai da ya sauka ƙaramar gasar AHL ya buga wa Colorado Eagles wasa biyu kafin ya sa rigar ƙungiyarsa. Kyaftin ke nan mai kofi.

Idan bugun kai ne, duk abin da na faɗa a sama ka ninka shi, ka kuma cire wayo. Tsarin da ake bi matakai shida ne, daga harkokin yau da kullum marasa nauyi, zuwa motsa jiki kaɗan, zuwa zamiya kai kaɗai, atisaye ba taɓawa, atisaye da bugu, sannan wasa. Kowane mataki aƙalla awa 24, kuma ba a shiga inda za a iya buge ka sai likita ya sa hannu. Matsalar ita ce alamomin kai kaɗai ka san su. Ciwon kai da yamma, jiri idan ka juya da sauri, haske na damun ido, karatu ba ya shiga. Ba mai gani, don haka yara ke ɓoyewa saboda kada wani ya zaune musu wuri. A jihar Ontario har doka aka yi a 2018 mai sunan Rowan Stringer, yarinya 'yar shekara 17 mai wasan rugby a Ottawa, wadda ta rasu a 2013 bayan ta sha bugun kai fiye da sau ɗaya cikin 'yan kwanaki ta ci gaba da wasa. Sidney Crosby na Pittsburgh Penguins, wanda a lokacin ba a da kamarsa, ya bugu ranar 1 ga Janairun 2011, ya sake buguwa ranar 5 ga wata, bai sake wasa ba sai 21 ga Nuwamba. A daren da ya dawo ya ci biyu ya bayar aka ci biyu. Bayan wasa takwas alamomin suka dawo, ya koma jinya har tsakiyar Maris na 2012. Yana da likitocin da kuɗi ke iya saye, duk da haka sai da kai ya ɗauki lokacinsa.

Maganarka da koci

Kai za ka je, ba babanka ba. Iyaye, don Allah ku yi haƙuri da wannan. Uban da ya tare koci a wurin ajiye motoci yana cewa "ai ɗana ne ke layin farko kafin ya ji ciwo" ya ƙara wa ɗansa mako biyu a benci. Ka sami koci bayan atisaye, kada ka kuskura ka je ranar wasa, ka tambaye shi abu ɗaya: me kake so ka gani daga gare ni kafin ka sa ni? Duk abin da ya ce, shi za ka yi ta yi a gabansa.

Mai yiwuwa ya ba ka layi na huɗu, minti shida ko bakwai a wasa, da aikin tsaro lokacin da aka kori ɗayanku zaman hukunci na minti biyu. Karɓa hannu bibbiyu. Aikin da masu ji da kansu ke gudu ne, kwanciya gaban ƙwallo da share gida, kuma ta nan aka fi saurin komawa idon koci. Wanda ya gaje ka kuma kada ka ɗaure masa fuska. Marc-André Fleury ya yi shekaru yana tsaron ragar Pittsburgh Penguins, ya ci musu kofi a 2009. A ƙarshen Maris na 2016 ya samu bugun kai, matashi Matt Murray ya shiga raga. Fleury ya warke ana tsakiyar zagayen neman kofi, amma wasa ɗaya tak aka ba shi ya fara, Murray ya kai su ga kofin. Bai yi rigima ba, ya ci gaba da atisaye kamar shi zai tsare gobe. A 2017 Murray ya ji ciwo wajen ɗumama jiki kafin wasan farko na zagayen, aka juyo ga Fleury, ya fitar da ƙungiyoyin Columbus da Washington. Daga baya an sake mayar da Murray, Fleury kuma ya koma ƙungiyar Vegas a bazarar shekarar, inda ya kai wasan ƙarshe a 2018, ya kuma karɓi kyautar golan da ya fi kowa a 2021. Wani lokaci gurbin da za ka ƙwato a wata ƙungiyar yake, amma masu ɗauka suna tambayar yadda ka zauna a benci.

Wasan farko

Ka taƙaita zubi, wato lokacin da kake ɗauka a fili kafin a canza ka. Manya kan yi daƙiƙa 40 zuwa 45 su fito, kai ka yi 30. Gajiya ce ke kawo rauni na biyu, kuma huhun atisaye daban yake da na wasa. A zubin farko ka nemi bugu mai tsabta, ka bangaji wani ko a bangaje ka, a wuce wurin. Kada ka nemi burgewa da ƙwallo a bakin layin gidanku, ka fitar da ita ta jikin katanga ka canza. Bayan wasa ka ɗora ƙanƙara a wurin ciwon, washegari ka gaya wa mai kula da lafiya gaskiyar yadda ka tashi. Motsa jikin da likitan gashi ya ba ka kuma ka ci gaba da shi har ƙarshen kaka, don mafi yawan yara ranar da aka sa su wasa suke jefar da robar motsa jiki a ƙasan jaka. Wasa na uku da na huɗu sun fi na farko wuya, zumuɗi ya kwanta, ƙafafu sun yi nauyi, kuma a lokacin ne koci ke yanke shawarar layin da zai bar ka.