Sayen Gida da Rancen Gwamnati a Gundumar McDowell: Fara Duba Ƙasar Kafin Takardun

Ma'aikatar Noma ta Amurka, wato USDA, tana da shirin rancen gidajen karkara da ake kira Sashe na 502, wanda ya samo asali daga dokar gidaje ta 1949. Abin da ke jan mutane gare shi shi ne ba a biyan kuɗin kafin alƙalami. A gundumar McDowell ta jihar West Virginia, sharaɗin zama karkara ba matsala ba ne, don babu garin da ya kusanci iyakar mutum 35,000 da shirin ya sa wa garin karkara. A 1950, lokacin da haƙar kwal ke tashe, jama'ar gundumar sun kusa 100,000. Ƙidayar 2020 ta sami 19,111 kacal. Gidaje suna da araha, amma da yawa ba za su ci jarrabawar rancen ba, kuma tarihin kwal ne sanadi.

Rancen iri biyu ne. Na farko banki ke bayarwa, gwamnati ta tsaya masa. Kuɗin shigar gidanka kada ya wuce kashi 115 cikin ɗari na matsakaicin yankin, kuma ana haɗa na duk baligin da ke zaune a gidan, ko da sunansa ba ya cikin rancen. A nan mutane da yawa ke tuntuɓe. Ana biya cikin shekara 30, kuɗin ruwa ba ya canzawa, akwai kuɗin lamuni kashi 1 a farko da kashi 0.35 duk shekara. Yawanci ana son biyan gida kada ya haura kashi 29 na abin da kake samu a wata, duk basussukanka kuma kada su haura kashi 41. Makin biyan bashi, wato makin da ake ba mutum bisa tarihin biyan basussukansa, in ya kai 640 yana sauƙaƙa tantancewa.

Na biyu gwamnati ce ke bayarwa da kanta ga masu ƙaramin ƙarfi, a biya cikin shekara 33, wani lokaci 38. Tallafi yana iya sauke kuɗin ruwa zuwa kashi 1, sai dai ranar da ka sayar da gidan ko ka tashi, za a nemi ka mayar da wani ɓangare na tallafin. A duka biyun, dole gidan ya zama nan ne mazauninka.

Yanzu ga inda aikin yake. Garuruwa irin su Gary da Coalwood kamfanonin kwal ne suka gina su don ma'aikatansu. Gary na kamfanin U.S. Steel ne, wanda ya rufe aikinsa a can a 1986. Tun kafin wannan, an riga an raba mallakar saman ƙasa da ta ma'adinan da ke ƙarƙashinta, saboda haka kana iya sayen gida alhali kwal ɗin da ke ƙasansa na wani ne. Ka sa lauya ya bi takardun mallaka a ofishin magatakardan gunduma da ke Welch, ya gano wa ke da ma'adinan da irin haƙƙin da aka ba shi a kan filin. Ya kuma duba ko gidan gado ne da ba a raba ba. Magada da yawa sun bar yankin neman aiki, kuma in ɗaya bai sa hannu ba, ciniki ya tsaya cik.

Sai zabtarewar ƙasa. Tsohon ramin haƙa yana iya ruftawa bayan shekaru, ginin sama ya nutsa. Ka duba tsagewar bango mai hawa kamar matakala, ƙofar da ta daina rufuwa, da daɓen da ya karkace. Inshorar gida ta yau da kullum ba ta biyan wannan asarar. Jihar tana da inshorar zabtarewar mahaƙa da ake liƙawa a jikin inshorar gidan. In an miƙo maka takardar yafe ta, kada ka sa hannu. Ragin da za ka samu bai taka kara ya karya ba.

Yankin duwatsu ne, don haka gidajen sun jeru a kwarin kogin Tug Fork da rafin Elkhorn. Ambaliya ta yi ɓarna a 2001 da 2002, ta sake a Fabrairun 2025. Ka sa adireshin gidan a taswirar ambaliya ta FEMA, hukumar agajin gaggawa ta Amurka, kafin ka yi tayi. In yana yankin haɗari, inshorar ambaliya dole ce, kuma kuɗinta yana shiga lissafin kashi 29 ɗin nan.

In rijiya ce, za a gwada ruwan. Wasu tsofaffin gidaje bututun bayan gidansu kai tsaye yake zuba a rafi, irin wannan kuwa ba a amincewa da shi sai an gina ramin masai mai inganci. Gidan da aka gina kafin 1978 kuma, fentinsa mai ɓarewa sai an gyara saboda gubar dalma da ka iya kasancewa a cikinsa.

Rancen ba ya wuce ƙimar da mai kimantawa ya yi wa gidan, in ban da kuɗin lamuni. Saboda haka ka ɗauki mai duba gini na kanka, ka sami lissafin gyara a rubuce, sannan ka sa a yarjejeniyar ciniki cewa za a mayar maka da kuɗin ajiyarka in gidan ya faɗi binciken.