Sanyin nan mai ƙaiƙayi da farin ruwa: kurakuran da muke ta maimaitawa

Wallahi abin nan yana damuna. Mace na jin ƙaiƙayi a gabanta sai ta ce sanyi ne, ta aiki yaro kemis ya siyo mata ampiclox da flagyl. To 'yar uwa sanyi kala-kala ne fa. Wanda nake magana a kai shi ne mai farin ruwa guda-guda kamar kindirmon da ya tsinke, ba wani wari sosai, sai ƙaiƙayi da raɗaɗi wurin fitsari ko saduwa. Ƙwayar Candida ke kawo shi, dangin yis ce, dama tana zaune a jikinmu, sai ta samu dama ta yi yawa.

Kuma kin san me yake ba ta damar? Irin su ampiclox ɗin nan. Suna kashe ƙwayoyin kirki da ke tsare wurin, ita kuma Candida ko a jikinta, shi yasa za ki ga kin gama kati guda abu ya ƙaru, ki koma ki ƙaro wani kina ta zagaye wuri ɗaya. Flagyl kuma na wani sanyin ne daban, mai ƙarni kamar kifi. Maganin sanyin Candida shi ne clotrimazole na cusawa da na shafawa, ko fluconazole 150mg ƙwaya ɗaya tak, ba kullum ba. In na cusawa na kwana 6 aka ba ki, ki cika shi ko da ƙaiƙayin ya lafa a kwana na biyu.

Mai ciki kada ta sha fluconazole, ta faɗa a wurin awo, na cusawa ake ba ta.

Sai batun tsarki da dettol, alif, kanwa, wasu har tafarnuwa suke turawa, ga kayan matsi na masu talla. Don Allah a bari, ƙona fatar wurin suke yi. Ruwa zalla daga waje ya isa. A zafin Gombe na Maris da Afrilu ga gumi ga wandon roba matsattse ƙarƙashin zani, ai dole. A nemi na auduga, a shanya shi a rana ba bayan ƙofar banɗaki ba.

Maigida ba lallai ya sha magani ba sai in shi ma yana ƙaiƙayi, kuma ba hujjar zargin juna ba ne, budurwa ma tana yinsa. Sai dai man clotrimazole yana lalata kororon roba.

In karon farko ne, ko akwai ciwon mara, zazzaɓi, jini, wari, ko sati ya cika babu sauƙi, asibiti za ki je a ɗauki ruwan a gwada. Wadda yake dawo mata sau 4 ko fiye a shekara ta sa a duba mata suga.

Jarirai ma suna yinsa a baki, fari-fari a harshe da cikin kumatu wanda ba ya goguwa kamar ragowar nono. Kar a kankare da tsumma, kar a shafa zuma, yaron da bai shekara ba ba a ba shi zuma sam. Nystatin na ɗigawa ake rubutawa, uwar kuma a duba kan nononta, in ba haka ba za su yi ta miƙa wa juna.